Ranar da Baba Ya Ga Motarsa

Mijina tela ne, kuma tela mai kyau. Na fara da wannan ne saboda idan kuka haɗu da shi a hanya zai ce muku shi injiniya ne da ƙaddara ta zaunar a kan keken ɗinki. Duk layinmu Tela ake ce masa, shi kaɗai yake kiran kansa Injiniya. Ya taɓa gyara mana fanka ta koma juyawa da baya. Ya taɓa gyara dutsen guga, har yau idan aka jona shi sai fitilar ɗaki ta dusashe. Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ya yi wa motar babana.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya yi ritaya. Motarsa 'yar ƙarama ce fara, shekara ashirin da biyu tana hannunsa, kuma yadda ta fito daga kamfani haka take. Ko sitika bai taɓa manna mata ba. Littafin da aka sayo ta da shi yana nan cikin leda a aljihun gaba. Sai cutar yanar ido ta rufe masa ido biyu, har ya zama inuwar mutum kawai yake gani. Likita ya sa ranar aiki nan da mako shida, ya ce kafin nan duk Talata a kawo shi a auna jininsa, don idan ya hau ba za a yi aikin ba.

Ranar da muka je ɗaukar motar, Baba ya lalubo hannun mijina ya danƙa masa makulli.

"Tela, ga amana. Ka riƙa ɗumama ta da safe, ka kai ni asibiti duk Talata. Ni tuƙi ya fara isata. In na ga ka riƙe ta da kyau, wataƙila ta zauna a wurinka. Amma ko noti ɗaya kar ka taɓa mata."

"Haba Baba," in ji mijina, har da dafa ƙirji. "Ko ƙuda sai ya nemi izinina kafin ya sauka a kanta."

Muna isa gida ya fito ya zagaya ta sau uku, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ya tsuguna, ya miƙe, ya karkata kai. Na san wannan karkata kan. Haka ya yi wa fanka.

"Maman yara, motar nan ɗinkin kanti ce."

"To, sai aka yi yaya?"

"Wa yake sa rigar kanti ba a rage mata nan an ƙara mata can ba? Dubi yadda ta yi tsaye ƙerere kamar akuya a kan tebur. Ba murya, ba ado, ba kwarjini. Ki ba ni mako shida. Ranar da Baba ya buɗe ido ya ga abin da na mayar da ita, da kansa zai ce in riƙe."

"Ya ce kar ka taɓa ko noti."

"Noti ya ce. Ni da manyan abubuwa zan yi aiki."

Garejin Dogo makanike yana kallon shagon mijina, titi ne kawai a tsakani. Dogo shi ke duba wa Baba motar tun tana sabuwa. Da ya ji shirin, sai ya tsallako yana goge hannu da tsumma.

"Tela, ka rufa wa kanka asiri. Motar nan mutum ɗari masu ilimi suka zauna suka auna ta, taya da injin da birki, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Ka canja ɗaya, sauran su fara faɗa da shi."

"Sun auna ta don kowa da kowa ne, ba don ni ba."

"Ai ba taka ba ce."

"Matsalarka ke nan, Dogo. Shekara talatin kana mayar da abu yadda ka same shi. Ni ƙirƙira nake yi. Da irinka aka bar wa duniya, da har yanzu a ƙasa muke tafiya."

"Kai ma ka kusa komawa," in ji Dogo, ya juya garejinsa.

Washegari mijina ya tafi kasuwar kayan gyara, wurin wani mutum da ake kira Ba-Matsala, saboda duk abin da ka tambaye shi amsarsa ke nan. Zai shiga motar? Ba matsala. Ba zai lalata injin ba? Ba matsala. Ya dawo da salansa mai ƙyalli, bakinta ya kai girman tukunya. Da kansa ya shiga ƙarƙashi ya ɗaura ta, rabi da noti, rabi da wayar shanya.

Wajen ƙarfe goma na safe ya tayar da motar. Tantabarun layin duka suka tashi. Wani hoto ya faɗo daga bangon falonmu. Maƙwabciyarmu Nas, wadda ta dawo daga aikin kwana ta samu barci ke nan, ta fito a guje da takalmi ƙafa ɗaya.

"Me ya fashe? Akwai wanda ya ji rauni?"

"Ba kowa, Nas. Muryar mota ce ta buɗe."

Ta dube shi, ta dubi motar. "Tela, ni allura nake yi wa mutane tun safe har safe. Na san inda ya fi zafi a jikin ɗan Adam. Ka sake tayar da ni, zan nuna maka wurin."

Talata ta zo, muka ɗauko Baba. Ina gaba, shi yana baya ya riƙe sandarsa. Ba mu yi nisa ba ya ɗago kai.

"Tela, me ke ruri haka?"

"Wata babbar mota ce a bayanmu, Baba."

"To ka ba ta hanya ta wuce."

"Na ba ta, ta ƙi."

Muka tsaya a danja, rurin ya ragu. Muka tashi, ya tashi.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Tun daga ƙofar gidana take bin mu. Auta, duba mini ko mun san direban."

Ni ce Auta. Na buɗe baki zan tona, mijina ya ɗan taka mini ƙafa. A asibiti kuwa likita ya ja ni gefe ya ce jinin Baba yana kan iyaka, kada a kuskura a gaya masa abin da zai ɓata masa rai. Mijina yana tsaye ya ji. Da muka fito sai murmushi yake yi kamar an ba shi lasisi.

"Kin ji dai abin da likita ya ce. Lafiyar Baba ita ce gaba da komai."

"Allah ya isa tsakanina da kai," na ce masa a hankali, don kada Baba ya ji.

Mako na biyu ya koma wurin Ba-Matsala ya kwaso tayoyi masu faɗi da wili masu walƙiya. Da ya ɗaura, sai ya ga motar ta ƙara tsawo, shi kuma so yake ta kwanta kamar motocin tsere da yake kallo a waya. Ya ɗaga ta da jak, ya ciro sifirin ɗin ƙafafun huɗu, waɗannan murɗaɗɗun ƙarafan da mota ke zaune a kansu, ya shimfiɗa su a teburin yanka. Ya auna da tef, ya shata da allin ɗinki, ya ɗauko zarto.

Dogo ya leƙo. "Wannan kuma wandon wa ake ragewa?"

"Inci biyu kawai zan cire."

Ya cire inci biyu a guda uku, ya cire inci uku a na huɗun. Da aka mayar, motar ta karkace kamar mai ciwon ƙugu. Ya sake cirowa ya rage ukun don su yi daidai da ɗayan. Wannan karon na gaba ya zarce. Ya sake ragewa. Duk wadda ta taɓa kai wa tela wando ta san ƙarshen wannan labarin. Kafin la'asar motar ta kwanta har kaza ba ta iya shiga ƙarƙashinta.

Ga kuma wata sabuwa: idan ya karya sitiyari hagu, sai tayar gaba ta kama jikin motar ta yi ƙara kamar ana yanka kwano. Dama tana tafiya, hagu ba hali.

"Ba wani abu ba ne," in ji shi. "Hagu ɗaya ai dama uku ce."

Haka muka riƙa zuwa asibiti, duk inda ya kamata mu yi hagu sai mu wuce mu zagayo ta dama. Baba kuwa ko ba ido ya haddace hanyar nan, shekara nawa yana bin ta.

"Tela, nan ai hagu ake yi."

"An rufe hanyar, Baba."

"Can baya ma ka ce an rufe."

"Gyara ake yi ko'ina."

"Kuma me ya sa nake ji kamar a tabarma nake zaune? Duk tsakuwar da muka taka sai na ji ta a haƙorina."

"Titin suka ɗaga, Baba."

Baba ya girgiza kai ya yi tsaki. "Kai, aikin mutanen yanzu. Su ɗaga titi su bar ramukan a ciki."

A ƙofar asibitin akwai tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, babba ne kamar kabari. Tun da motar ta kwanta mijina bai ƙara kusantarsa ba. Can waje yake ajiye mu, ya ce wa Baba likita ne ya ce tafiyar ƙasa tana saukar da jini.

Mako na uku ya liƙe gilasan da baƙar leda. Ya yanka ta da almakashin yadi ya manna da hannu, duk ta yi ƙuraje. Baƙin ya yi yawa har da rana tsaka sai ya sauke gilas ya fitar da kai kafin ya ga hanya. Baba ya ce, "Auta, ina jin idon nan ƙaruwa yake yi, yau ko hasken taga ba na gani." Na ce masa hadari ne.

Mako na huɗu ya huda murfin but ya kafa wani fiffike mai faɗin allon guga.

"Wannan na mene ne?" na tambaye shi.

"Yana danne mota a ƙasa idan tana gudu, kada iska ta ɗauke ta."

"Motar da ta riga ta kwanta? Kuma gudun nawa kake yi a layin da yara ke wuce ka da keke?"

"Maman yara, ki tsaya a kan abin da kika sani."

Kwana biyu aka yi ruwan sama, but ɗin ya cika ta ramukan da ya huda. Nas ta wuce za ta aiki ta gan shi yana kwalfewa da kofi, ta ce ya ƙara kifi ya huta. Matan layin kuwa suka gano fiffiken wurin shanya ne mai kyau. Kullum ya fito sai ya tarar da safa ko tsumman goge-goge a kai, ya tsaya tsakiyar titi yana tambayar mai shi, ba wanda zai amsa.

Mako na biyar shi ne na lantarki. Ya sayo hon mai waƙa, da fitilu shuɗɗa na ƙarƙashin mota, da ƙararrawar kama ɓarawo mai rimot. Dogo ya tsallako har da roƙo.

"Tela, don girman Allah, wannan kam ka bari in haɗa maka. Kyauta. Waya ba zare ba ce."

"Mene ne bambancin? Ja da ja, baƙi da baƙi, shuɗi da shuɗi. Ni da na shekara ashirin ina haɗa launi?"

"In ka haɗa zare ba daidai ba, mai riga ne zai yi fushi. In ka haɗa waya ba daidai ba, 'yan kwana-kwana ne za su zo."

"Hassada ce ke damunka, ka ga ana shiga sana'arka."

Wuni guda ya yi kansa a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, bakinsa cike da salatif. Da ya gama ya kira mu gwaji. Ya kunna sigina, sai abin share gilas ya kama aiki. Ya kunna abin share gilas, sai fitilar ciki ta kama. Ya danna hon, shiru. Ya taka birki, hon ya fashe da waƙa.

Layin ya ɗauki dariya. Mai kantin kusa da mu har da zama a ƙasa.

Mijina ya fito ya gyara tef ɗin wuyansa. "Da gangan na yi. Duk wanda ke gabanka zai san ka tsaya. A manyan ƙasashe haka ake yi yanzu."

"Wace ƙasa?" in ji Dogo.

"Ba ka san ta ba."

Ƙararrawar kuwa ba ta san ɓarawo ba, kowa ɓarawo ne a wurinta. Kyanwa ta wuce, ta yi ihu. Ganye ya faɗo, ta yi ihu. Shi kansa mai ita idan ya matso sai ta fi ƙarfi. Nas ta daina yi masa magana, sai dai idan sun haɗu ta ɗaga yatsa ta yi alamar danna sirinji.

A Talatar ƙarshe Baba ya ce, "Tela, wani ɗan iska ne yake ta yi mana waƙa da hon duk inda muka tsaya?"

"Yaran zamani ne, Baba."

"Iyayensu sun yi asara," in ji Baba.

Aka yi aikin lafiya, aka naɗe idon da bandeji, aka kwantar da Baba zuwa washegari. Ni na zauna da shi. Da safe kafin likita ya shigo, mijina ya kira ni a waya, cike da murna.

"Ki fito da shi ta babbar ƙofa. Yau har bakin matakala zan kawo ta. Ina so ta zama abu na farko da zai gani."

"Tudun fa?"

"Na yi lissafinsa. A karkace zan hau shi."

"Baban yara, ka ji tsoron Allah, ka bar ta a gida mu hau tasi."

Ya kashe wayar. Daga baya na ji cewa ya wanke ta, ya goge wili da man gashi, ya sa babbar rigarsa ta fita kunya, ya gayyaci Dogo da mai kanti su zo su zama shaida. Dogo ya ce ya rufe garejinsa ya biyo shi ne don irin wannan ranar ba a ba mutum labarinta.

Likita ya warware bandejin a hankali. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, sai hawaye. Ya kama fuskata da hannu biyu.

"Auta! Ke ce? Yaushe kika yi furfura?"

"Cikin mako shidan nan, Baba."

Ya karanta duk harufan da ke allon bango har na ƙasa. Ya karanta sunan da ke rigar likita. Da muka fito baranda ya karanta "Ba a shan taba a nan," ya karanta "Hanyar fita," ya gaida wata tukunyar fure. Likita ya rako mu yana dariya, Nas ma da take bakin aiki ta biyo mu tana riƙe da jakar magani. Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na wannan safiyar ba.

Sai muka ji rurin.

Tun daga kan titi ya taho, tagogin asibitin suna karkarwa. Nas ta rufe ido ta ce, "Har nan?" Motar ta shigo ƙofa, kan mijina a waje ta taga, yana ɗaga wa mai gadi hannu kamar ɗan takara. Ya nufi tudun a karkace yadda ya lissafa. Abin da bai lissafa ba shi ne karkacewar ta hagu ce. Taya ta kama jiki ta yi ƙara, ya saki sitiyari motar ta miƙe, ya taka totur. Tayoyin gaba suka haye. Sai muka ji ƙuuu, cikin motar ya zauna daram a kan tudun. Ga Dogo da mai kanti a baya, dukansu ba ƙananan mutane ba ne. Gaban motar ya ɗaga sama, tayoyin suna ta juyawa a iska.

Ya taka birki, hon ya kama waƙa. Girgizar ta tayar da ƙararrawa. Fitilun ƙarƙashi suka fara walƙiya, abin share gilas yana kai da kawowa a kan busasshen gilas. Dogo ya buɗe ƙofa ya fita, motar ta rinjaya gaba. Mai kanti ya matsa zai fita, ta dawo baya. Lilo sosai.

Kafin a ce me, ga motar asibiti ta taho da jiniya ta tsaya a bayanta. Bayan ita ga tasi, ga babura, ga motar kawo magani. Kowa ya danna hon. Masu jinya suka fito baranda, na bene suka leƙo ta taga, wani har da ledar ƙarin ruwa a hannu.

Baba ya tsaya a kan matakala yana kallo da sabon idonsa, yana dariya har yana riƙe ciki.

"Auta, dubi wani mahaukaci! Kai, Allah na gode maka da ka buɗe mini ido na ga wannan. Mota da fiffike! Ina za ta tashi? Dubi gilas kamar an shafa kwalta. Wannan ko a kyauta aka ba ni, sai na haɗa da wanda zai jefar mini da ita."

Nas ta matso kusa da shi ta buɗe jakar magani.

"Irin tawa ce ma fa," in ji Baba. "Allah sarki, baiwar Allah, ta faɗa hannun banza. Bari in ga lambarta, yanzu ai ina gani."

Ya ɗan ranƙwafa ya karanta lambar da ƙarfi, harafi bayan harafi. Ya kai ƙarshe. Ya sake karantawa daga farko, wannan karon a hankali. Dariyar ta tsaya.

Daidai nan mijina ya fito daga motar, rigarsa ta maƙale a ƙofa ta yage, ya buɗe hannu biyu ya yi ihu don a ji shi cikin ƙarar.

"Baba! Barka da arziki! Ka gan ta?"

Baba ya juya wurin likita.

"Likita, bandejin nan yana kusa? Mayar mini da shi."

Aka yi ta fama. Mijina yana danna rimot, ƙararrawa tana canja murya. Direban motar asibiti ya sauko yana zagi. Mutumin da ya ɗauko, wani mai karaya a ƙafa, ya gaji da jira ya sauko da kansa, ya dafa kafaɗar matarsa ya yi ta ɗingishi har ya wuce mu. Da ya zo daidai mijina ya tsaya ya ce, "Malam, ni da ƙafa ɗaya na riga ka shiga."

Dogo ne ya buɗe bonet ya cire kan batir, duniya ta yi shiru. Sai ƙarti takwas suka taru za su ɗaga ta. Mai gadi ya kama fiffike ya ja da ƙarfi, fiffiken ya taho a hannunsa, ya zauna da shi a ƙasa. Da aka turo motar ta sauka daga tudun, salansar ta ƙi biyo ta, ta tsaya a wurin da wayar shanyarta. Wani baƙin mai ya bi bayan motar yana zane a kan siminti.

"Kaskon man injin ya fashe," in ji Dogo. "Ko an mayar da batir, kar wanda ya tayar da ita."

Baba ya sauko daga matakala ba sanda. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya shafa ramukan but da yatsa, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi. Nas tana biye da shi da abin awon jini.

"Tela."

"Na'am, Baba."

"Babbar motar da take bin mu tun daga gida?"

"Ita ce, Baba."

"Titin da aka ɗaga?"

Mijina ya sunkuyar da kai.

"Yaran zamani da na ce iyayensu sun yi asara?"

"Ai ba ka san ni ne ba lokacin, Baba."

"Yanzu na sani, kuma ban janye ba." Ya miƙa hannu. "Makulli."

Mijina ya ba shi. Baba ya juyo kaina. "Ke kuma Auta, hadari ko?"

"Likita ne ya ce kar a ɓata maka rai, Baba."

"Kin kyauta. Kin tara mini ɓacin ran wuri ɗaya."

Ya ce wa Dogo duk abin da aka cire a mayar da shi yadda kamfani ya yi, kuma Tela ne zai riƙa miƙo sifana, ba zai ɗaura komai da hannunsa ba. Ya ce tuƙin da ya ce ya ishe shi, yanzu ya ji yana marmarinsa, sai ya ƙara shekara ashirin a kai. Dogo ya ce bari ya kira motar ja. Baba ya ce a'a, akwai injiniya a kusa.

Haka muka bar asibitin. Dogo a sitiyari, ni da Baba a baya, gilasai duka a sauke don Baba ya ga gari. Mai kanti ya hau tasi da salansa da fiffike. Mijina yana baya yana turi cikin yagaggiyar riga. Kuma da yake motar ba ta yin hagu, duk mahaɗar da muka zo sai mun wuce mun zagayo ta dama sau uku. Baba yana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi, wasu har sau biyu don mun sake biyowa ta gabansu.

Rana ta take sosai lokacin da muka shigo layinmu. Labari ya riga mu isowa, kowa yana ƙofar gidansa. Mijina ya jiƙe sharkaf, numfashinsa kamar na tsohon keken ɗinki. Na leƙa ta taga na ga ya ɗago kai ya dubi jama'a, na ce to, yau dai bakin ya mutu.

Ya tsaya ya share gumi, ya bubbuga murfin but, ya ce wa Dogo yadda kowa zai ji:

"Ka dai faɗi gaskiya, Dogo. Tun daga asibiti har nan, mutum uku a ciki, ko ɗigon mai ba ta sha ba. Wace motar kamfani ce za ta yi haka?"

Baba bai ko waiwaya ba.

"Tela, gidana ai yana gaba. Tura."